Furen ƙararrawa a Kaduna: yadda ake tsirar da baƙon kan dutse har ya yi fure

Shekarar da na fara gwada furen ƙararrawa sai da na yi asarar fakiti biyu na iri. Na farko na binne shi kamar yadda muke binne irin alayyafo, na bi shi da ruwa safe da yamma, shiru kake ji. Na biyu ya tsiro, ya yi ganye kore shar, ya cika tukunya, amma har ya bushe cikin Afrilu bai nuna mini fure ko ɗaya ba. Na kai kuka wurin wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titi wajen Unguwar Rimi. Ya daɗe yana duban hoton a wayata, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ɗan ƙasar nan ba ne. Ko ka ba shi masauki irin na garinsu, ko ka ƙyale shi." Na ce, "Baba, ina zan samo masa ƙanƙara a Kaduna?" Ya yi dariya ya ce ai hunturu ma sanyi ne.

Dattijon ya ba ni rabin amsa. Ragowar rabin, wato dalilin da ya hana shi fure, sai daga baya na gano shi, kuma zan zo kansa. Amma tun yanzu gara mu yi gaskiya da juna. A ƙasarsa wannan fure shekara da shekaru yake yi a gindi ɗaya. A nan kuwa baƙo ne, baƙo kuma raɓa ne: ka tarbe shi a ƙarshen damina, ya yi maka hunturu, ya yi fure cikin Fabrairu, bazara na kankama ya yi sallama. Wanda ya yarda da wannan sharaɗi zai ji daɗin aikin. Wanda yake neman abin da zai dasa a gefen katanga ya manta da shi, ya nemi wani furen.

Wanne daga cikinsu?

Sunansa na masana Campanula, kalmar Latin ce da ke nufin 'yar ƙaramar ƙararrawa, saboda siffar furen. Danginsa sun haura 300, wasu dogaye har ƙugun mutum, wasu ba su wuce tsawon yatsa ba. Gajerun, na kan duwatsu, su ne maganarmu, kuma guda uku ne aka fi samun irinsu.

Akwai Campanula cochleariifolia na tsaunukan Alps da ke Turai, wanda bai fi santimita 10 ba, furensa ƙanana masu sunkuyar da kai. Ya fi kowa kyau a idona, ya kuma fi kowa tsoron zafi. Akwai Campanula portenschlagiana na duwatsun Kuroshiya, mai yaɗo a jikin bango, wanda ya ɗan fi juriya, sai dai ba ya sakin fure sosai sai ya sha sanyi na makonni, sanyin da Kaduna ba ta da shi. Na ukun shi ne nake ba kowa shawara ya fara da shi: Campanula carpatica, ɗan asalin tsaunukan Karfatiya da suka ratsa Slobakiya da Polan da Yukren da Romaniya. Tsayinsa santimita 15 zuwa 30, yana yin curi kamar an kife ƙoƙo, furensa shuɗi mai sirkin shanshanbale ko fari, buɗaɗɗe yana kallon sama. Masanin tsirrai Nikolaus von Jacquin ne ya raɗa masa suna, kuma tun 1774 aka kai shi lambun Kew a Ingila. Idan za ka saya, nemi wanda aka rubuta wa Blue Clips ko White Clips. Gajeru ne, kuma suna fure a shekarar farko daga iri ba tare da sun jira sanyin ƙanƙara ba. Wannan hali shi ne ya buɗe mana ƙofa.

Irin dai ba a zuba shi a faranti a Kasuwar Gumi. Ta intanet ake saye, ko a ba matafiyi saƙo. Ka sani shigo da iri daga waje yana da ƙa'ida, hukumar NAQS mai kula da shige da ficen kayan gona ita ke ba da izini, don haka ya fi sauƙi ka saya wurin dillalin da ya riga ya shigo da shi ta hanya. Duba shekarar da ke jikin fakitin. Irin da ya yi bazara biyu a kan kanta ya riga ya mutu, ko da ledar tana ƙyalli. Da ya iso hannunka, sa shi a kwalba mai murfi ka ajiye a ƙasan firji har ranar shuka.

Abu biyu da garinmu ya hana shi

Na farko sanyin dare. Kaduna tana kan tudu mai kimanin mita 600, shi ya sa darenmu na Disamba da Janairu yake sauka zuwa digiri 14 ko 15 a ma'aunin Salshiyas, ko da rana ta kai 30. Wannan fure yana iya jure zafin rana idan da dare zai huce. Abin da ke kashe shi shi ne daren da ba ya sauka ƙasa da 22 ko 23, irin na Maris da Afrilu, da kuma laimar Agusta mai ruɓar da gindi. Mutanen Jos, da suke kan mita 1,200, da na Gembu a tsaunin Mambila, sun fi mu sa'a nesa ba kusa ba. Mu watanni huɗu kawai muke da su.

Na biyu tsawon yini, kuma shi ne abin da ba wanda ya gaya mini. Wannan tsiro ba ya duba kalanda, tsawon dare yake aunawa. A Karfatiya yinin watan Yuni yana kai awa 16, wannan ne ke gaya masa lokacin fure ya yi. Masu bincike a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka sun gwada Blue Clips a shekarun 1990, suka ga sai haske ya kai wajen awa 14 zuwa sama yake fure. To mu a nan, kusa da tsakiyar duniya, yininmu mafi tsawo bai cika awa 13 ba, na Disamba kuwa awa 11 da rabi ne. Ka ba shi taki, ka ba shi ruwa, ka yi masa addu'a, ganye kawai zai yi ta yi yana jiran dogon yinin da ba zai taɓa zuwa ba. Maganin wannan matsala shi ne ƙwan fitila guda ɗaya.

Lokacin shuka

Lissafin daga baya ake yin sa. Muna son fure ya buɗe kafin ƙarshen Fabrairu. Daga kunna fitila zuwa fure mako 7 zuwa 9 ne, daga shuka zuwa girman da zai karɓi fitila kuma wajen mako 9 zuwa 10. Ka ga ke nan ranar shuka ta faɗo tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba. Wanda ya jira sai ya ga hazo ya sauka ya makara. Furensa zai haɗu da zafin Maris, ya fito ƙanana ya ƙone. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka iri ya kasance a hannu tun Agusta.

Matsalar Oktoba ita ce ɗan zafin nan na ƙarshen damina. Irin ya fi son digiri 18 zuwa 21 don ya tsiro, mu kuwa ɗakunanmu sun wuce haka. Nemi wuri mafi sanyi a gidan mai haske: ƙasan tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye, a kan daɓen siminti ko tayil, nesa da kicin. Ni ina zuba jiƙaƙƙen yashi a babban faranti in nutsa robar shukar a ciki. Ba zai kai ka 18 ba, kuma ba duk ƙwayoyin za su tsiro ba, amma giram ɗaya na wannan iri ya haura ƙwaya 10,000, kai kuwa gindi goma sun ishe ka. Dabara ita ce ka raba fakitin gida biyu, ka shuka rabi, ka bar rabi zuwa bayan mako biyu.

Ƙasar reno

Kada ka ɗebi ƙasar tsakar gida. Jar ƙasarmu tana kama jiki ta yi ɓawo idan ta bushe, jaririn tsiron da bai kai gashin ido kauri ba ba zai iya da ita ba. Ga haɗin da nake yi da gwangwanin madara: gwangwani biyu na ruɓaɓɓen ganye da ya koma baƙar ƙasa, irin wanda ake samu ƙarƙashin tsohuwar bishiyar mangwaro, gwangwani ɗaya na yashin kogi mai kaushi, na gini, ba mai laushin da ake shafe da shi ba, gwangwani ɗaya na ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba. A wanke yashin sau uku har ruwan ya fita fari. A tankaɗe ruɓaɓɓen ganyen da rariya. Kashin kaji ko na shanu babu shi a nan ko kaɗan, zafinsa ya fi ƙarfin jariri.

Sai a turara haɗin. Wannan matakin mutane suke tsallakewa, sannan su zo suna cewa iri ne ba shi da kyau. A cikin ƙasar akwai funfuna mai cin ƙafar tsiro, da ƙwan tsutsa, da irin ciyawa da za su riga naka fitowa har ka yi ta reno kana murna. Ka jiƙa haɗin kaɗan, ka ƙulle a tsumma, ka ɗora a madambaci minti 30 bayan tururi ya tashi. Shawara ta 'yan'uwantaka: sayi tsohon madambaci na daban. Ni da na ɗauki na uwargida, har yau ba a gama maganar ba.

Idan ya huce, zuba shi a robar abinci mai murfi fari da ake ganin ciki. Ka huda gindinta wuri shida ko takwas da ƙusa mai zafi, murfin ma huda uku. Zurfin ƙasa santimita 4 ya isa. Daddanna da bayan cokali har saman ya yi sumul, sannan ka tsoma gindin robar a cikin kwano mai ruwa har ka ga saman ƙasar ya yi duhu. Ɗaga, bar ta ta tsane.

Shukar kanta

Rufe taga, kashe fanka, kuma kada ka yi atishawa. Irin kamar garin barkono yake. Ka zazzage shi a farar takarda da aka ninka biyu, ka gauraya da rabin ƙaramin cokali na busasshen yashi mai laushi don ya bazu, sannan ka riƙa bugun takardar da yatsa a hankali kana zagaya robar. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya a samu kamar faɗin farce. Idan irinka na lulluɓe ne, wanda kamfani ya yi wa riga ya zama 'yan ƙwallaye, abin ya zo da sauƙi, da jiƙaƙƙen tsinken sakace za ka ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

Kada ka rufe shi da ƙasa. Ko ɗan barbaɗe kada ka yi. Wannan iri sai ya ga haske yake farkawa, kuma abincin da ke cikinsa bai isa ya turo shi daga ƙarƙashin ƙasa ba. A nan fakitina na farko ya tafi. Ka danna shi kawai da busasshen bayan cokali don ya manne, ka mayar da murfi, ka rubuta kwanan wata a jiki.

Daga nan aikinka na kullum ƙarami ne amma ba ya son fashi. Kowace safiya ka buɗe murfin, ka kakkaɓe raɓar da ta taru, ka bar shi a buɗe kamar minti goma, ka rufe. Idan saman ƙasa ya fara yin haske, tsoma gindin robar a ruwa kuma. Ba a zuba masa ruwa ta sama, ɗigo ɗaya yana iya kwashe ƙwaya ashirin ya tara su a lungu. Ruwan sama da aka tara ya fi, in babu a yi da na rijiya ko na burtsatse. Na famfo a bar shi ya kwana a bokiti. Rana kada ta taɓa robar tana rufe, ko ta minti ashirin ce, dafa shi za ta yi.

Tsakanin kwana 14 zuwa 21 za ka fara ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo kore, sai ka durƙusa za ka gan su. Wani lokaci sai an kai wata guda. Idan na Alps ka shuka kuma mako huɗu suka wuce shiru, kada ka zubar: sa robar cikin leda ka ajiye a firji, wajen da ake sa kayan miya, ba wajen ƙanƙara ba, na mako uku zuwa huɗu, sannan ka fito da ita. Sanyin digiri 4 ko 5 yana yaudarar irin ya ɗauka lokacin ƙanƙara ya wuce. Na Karfatiya galibi ba ya buƙatar wannan.

Makon da aka fi yin asara

Ba rashin tsirowa ne ya fi ɓata rai ba, a'a, ka ga sun fito sannan wata safiya ka iske sun kwanta kamar an yi musu aski, ƙafarsu ta tsuke ta yi ruwa. Funfuna ce, laima da rashin iska ke kiranta. Da zarar yawancinsu sun fito, ka fara ɗage murfin: yau ka tokare gefe ɗaya da tsinken ashana, gobe ka buɗe rabi, cikin kwana biyar ka cire gaba ɗaya. Ka matsar da su inda haske ya fi yawa, su samu ranar sassafe ta awa ɗaya. Idan ka ga sun yi dogon wuya suna karkata wajen taga, hasken bai ishe su ba. In wani gefe ya fara kwantawa, kwashe shi da ƙasarsa da cokali ka zubar, ka rage ruwa.

Suna tafiyar hawainiya a watan farko. Kada ka matsa musu da taki. Sai sun yi ganyen gaskiya biyu, wato masu siffar zuciya da ɗan tsaga-tsaga a baki, sannan a fara: rabin ƙaramin cokali na takin zamani NPK 15-15-15 a narka a lita 5 na ruwa, a tace, a ba su ta ƙasa sau ɗaya a mako biyu. Kada a wuce haka har ƙarshe. Tsiron da ya saba da tsagin dutse, idan ya ƙoshi da yawa, jikinsa sakewa yake ya yi laushi, ƙwari su same shi a ɓagas.

Dashe

Idan ganyen gaskiya ya kai uku ko huɗu, wajen mako biyar zuwa shida da shuka, lokacin raba su ya yi. A lissafinmu Nuwamba ta shigo ke nan, iska ta fara bushewa, dare ya fara daɗi.

Tukunyar ƙasa nake so a yi da ita, ba roba ba, baƙar ledar masu reno kuwa ko kusa. Tukunyar ƙasa tana gumi, gumin yana sanyaya saiwa, kamar yadda randa ke yi wa ruwa. A nemi mai faɗin baki santimita 12 zuwa 15, a huda gindinta huda mai girman yatsa, a rufe hudar da ɗan katanga ko gutsuren gidan sauro. Haɗin ƙasar yanzu ya fi na farko tsakuwa: kashi ɗaya ruɓaɓɓen ganye, kashi ɗaya yashi mai kaushi, kashi ɗaya ƙananan tsakuwar dutse da masu fasa dutse ke sayarwa, masu girman ƙwayar dawa zuwa ta masara. A zuba cokali ɗaya na dakakken ɓawon ƙwai a kowace tukunya; a ƙasarsa a kan dutsen farar ƙasa ya fi zama. Gwajin haɗin mai sauƙi ne: zuba kofi ɗaya na ruwa, idan ka ƙirga goma bai fara fita ta ƙasa ba, ƙara tsakuwa.

Da yamma ake dashe, bayan La'asar. Ka jiƙa robar tukuna, ka sa tsinke ka ɗago su da ƙasarsu. Ganye ake kamawa, ba kara ba. Ni ina dasa su uku-uku a tukunya ɗaya, sun fi saurin cika ta. Wurin da saiwa ta haɗu da ganye, wato wuyansa, ya zauna daidai da saman ƙasa, kada ya nutse. Sannan ka zagaye wuyan da tsakuwa zalla mai kaurin santimita ɗaya. Wannan tsakuwa ita ce ran shukar: tana hana ruwa kwanciya a wuya, tana hana ƙasa fantsama, tana kuma rage zafi. Kwana uku a inuwa, sannan su koma mazauninsu.

Mazaunin kuwa gefen gabas na gida ne, inda rana za ta same su daga fitowarta zuwa ƙarfe 10 ko 11, daga nan inuwa har dare. Kada a ajiye su kan siminti tsirara ko ƙarƙashin rufin kwano mara sili. A ɗora su kan benci ko katako. Ta ɓangaren da iskar hunturu ke kaɗowa a kafa ɗan zana ko a rataya buhun algarara, don iskar tana tsotse ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya mayarwa. Ban ruwa da sassafe, a gefen tukunya, sai an tura yatsa an ji santimita biyu na sama sun bushe. A tsakiyar hunturu wannan kan zama kullum ko bayan kwana ɗaya. Sau ɗaya a mako a fesa wa ganyen ruwa da safe don wanke ƙura.

Fitila

Gajeren yininmu da ya zama matsala yana da amfaninsa a nan: muddin ba a ƙara masa haske ba, tsiron ganye da saiwa zai yi ta tarawa, abin da muke so ke nan a Nuwamba. Saboda haka a wannan lokaci ka nisanta shi da fitilar tsaro mai kwana a kunne, kada ta ruɗe shi ya yi fure tun yana yaro, ya ba ka ƙwaya biyu ya gaji.

Idan kowane gindi ya yi ganye goma zuwa sama, wajen tsakiyar Disamba, sai a kunna. Ba wata fitila ta musamman ake nema ba, don ba ciyar da shi za ta yi ba, yaudararsa kawai za ta yi. Farin ƙwai na LED mai wat 7 zuwa 9, a rataye shi kamar mita ɗaya sama da tukwanen, ya ishi benci guda. Hasken da za ka iya karanta jarida da shi a saman ganyen ya wadatar.

Hanya biyu ce. Masu lambun kasuwanci a Turai da Amurka sukan katse daren a tsakiya, su kunna daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2. Mai na'urar kunna wuta da kanta yana iya bin wannan. Ni na zaɓi ta biyu don ta fi dacewa da zaman gida: a Disamba rana tana faɗuwa a Kaduna jim kaɗan bayan ƙarfe 6, to ina kunnawa idan zan fita Magariba, in kashe ƙarfe 11 idan zan kwanta. Awa 11 da rabi na rana, da kusan biyar na fitila, an samu 16 ɗin Karfatiya.

Wuta kuwa mun san halinta. Kada ka dogara da ita, nemi ƙwai mai caji ko mai sola wanda zai riƙe awa biyar. Dare ɗaya da aka yi fashi ba zai rushe aikin ba, amma idan ana kunnawa yau a bari gobe da jibi, tsiron komawa yake ga ganye. Ka ɗora wa wani yaro a gidan wannan aiki, ka yi masa alkawarin furen farko. Sun fi mu tunawa.

Bayan kamar wata guda za ka ga tsakiyar curin ya fara miƙo 'yan siraran karare, kowanne da ƙullutu a kai. Kada ka daina kunna fitilar don ka ga haka, ci gaba har ƙarshen fure. Ranar da na farko ya buɗe a gidana, cikin makon farko na Fabrairu, na ɗauki tukunyar cak na sa a Keke Napep har Unguwar Rimi. Dattijon ya juya ta, ya leƙa cikin furen, ya ce, "To, Malam, yau kai ne baban." Duk furen da ya yanƙwane a tsinke shi da farce tare da ɗan karansa, hakan ke sa sababbi su ci gaba da fitowa.

Masu cin amana

A Turai dodon koɗi ne babban abokin gabarsa. A nan sai da damina yake damunmu, kuma benci ya raba mu da shi. Namu na hunturu su ne jajayen ƙwarin nan ƙanana masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye. Alamarsu ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari ya koɗe. Busasshiyar iska suke so, don haka fesa ruwa a bayan ganye da safe yana korarsu. Idan sun yi yawa, ko darɓa ta kama sababbin karare, a jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗigon sabulu, a fesa da yamma. Gara kan shiga ta hudar tukunya idan tana ƙasa. Kaji da ƙadangaru kuwa sun fi duk waɗannan ɓarna, musamman a lokacin da babu wani kore a gari. Ragar waya ko tsohon gidan sauro shi ne maganinsu. Akuya ba sai na faɗa ba.

Idan bazara ta zo

Daga tsakiyar Maris za ka ga furen yana ƙanƙancewa, launinsa yana koɗewa. Kashe fitila. Mai son ajiye iri tun Fabrairu zai shirya: a wannan fure garin namiji yana riga macen nuna, yana manne a jikin sandar tsakiya, sai bayan kwana biyu bakin sandar ya tsage gida uku. A lakato garin daga sabon fure da gashin kaza, a shafa a tsagaggen bakin wani fure na gindi daban. Idan kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a yanke shi a cikin ambulan, don ta 'yan huduji a gefensa irin ke zubewa. Daga ambulan sai kwalba, sai firji, sai Satumba.

Wanda ba ya son rabuwa da gindin yana iya gwada tsallakar da shi. A aske shi a bar santimita 5, a daina taki, a sa tukunyarsa cikin wata babbar tukunya a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Dabarar nan ce ta tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, wanda malami ne a Jigawa a lokacin, ya yaɗa don adana kayan miya, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Tana aiki sosai a Maris da farkon Afrilu da iska ke bushe. Da ruwa ya sauka sai ƙarfinta ya ragu, a fitar da tukunyar daga yashin, a kai ta ƙarƙashin baranda inda iska ke wucewa amma ruwan sama ba ya dukanta, a riƙa ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Nawa dai da yawa Afrilu ke ɗauke su, waɗanda suka tsira kuma Agusta ta ƙarasa. Bara na ba wani abokina direba da ke zirga-zirgar Jos tukwane biyu ya kai wa ƙanwarsa a Rayfield. Cikin Yuli ta aiko da hoto, sun cika tukunya har sun zubo, ganye kore shar, tana tambaya me ya sa ba sa fure. Na ce a gaya mata ta sayi ƙwan fitila.